YADDA TSOHUWAR RAUTA ZA TA KAI INTANET HAR CIKIN GIDA

A wannan wata za mu yi bayani ne a kan wata 'yar na'ura da ta fara shiga gidajenmu na karkara. Sunanta rauta. Wasu daga cikinku a Kutama da Getso da Garo sun riga sun san ta. Wani ɗansa ne ya kawo masa ita daga Kano. Wani kuma saye ya yi saboda shagonsa na POS ko na tura fina-finai a waya. 'Yar akwati ce ta roba, tana da 'yan fitilu a gaba, wata ma har da ƙahoni biyu ko huɗu. Ana sa mata layin waya a ciki, a zuba data, sai ta riƙa raba intanet ga wayoyin mutanen gida ta iska. Wannan rabo na iska shi ake kira waifai.

Masu ita suna da wani kuka da suke yawan yi. Sukan ce a zaure tana aiki lafiya lau, amma da an shiga cikin gida sai abin ya ɗauke. Maigida yana zaure yana sauraron labarai, uwargida kuwa sai ta fito tsakar gida ta ɗaga waya sama kafin hoton kayan da take sayarwa ya tafi. Yarinyar da ke son duba sakamakon jarrabawa sai ta je ta raɓe a bakin ƙofa. Da yawa sukan ɗauka maganin abin shi ne a sayi wani layi, a riƙa zuba masa data daban. Kuɗi biyu ke nan kowane wata. Ga shi a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Ba kowane magidanci ne zai iya ciyar da layi biyu ba.

Sau da yawa maganin yana ajiye cikin akwatin wani ɗan'uwa. Tun da wayar salula ta zo Nijeriya a 2001 ake ta canje-canje. An yi 3G, aka zo 4G, a 2022 kuma aka fara 5G. Duk lokacin da aka yi sabon yayi, mutanen birni sukan sayi sabuwar rauta su jefa tsohuwar a lungu. Wani kuma ya bar MTN ya koma Airtel ko Glo, sai ya ajiye ta wancan kamfanin. Mafi yawan waɗannan tsofaffin lafiyarsu ƙalau. Idan kana da ɗa ko ƙane a birni, tambaye shi. Idan babu, ana samun na hannu a kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut a Kano.

Abin da za ta iya da abin da ba za ta iya ba

Masu noman rani a bakin dam ɗin Guzu-Guzu ko na Pada za su fi saurin gane wannan. Inji yana bakin ruwa yana ja. Idan gonarka tana da nisa, ba sabon dam kake haƙawa ba. Tiyo kake ƙarawa, ruwan ya isa inda kake so. To, rauta ta farko, mai layi a ciki, ita ce injin. Tsohuwar da za mu ƙara ita ce tiyon. Ba ta kawo sabon ruwa. Wanda injin ya jawo shi take kaiwa gaba.

Saboda haka a lura da kyau. Rauta ta biyu ba ta ƙara maka data ko kaɗan. Ba ta kuma gyara sabis ɗin kamfani. Abubuwa biyu ne daban da mutane kan haɗa. Akwai sabis da ke tasowa daga ƙarfen kamfani ya zo wurin rauta. Akwai kuma waifai da ke tasowa daga rauta ya zo wayarka. Idan kana zaune dab da rautar amma intanet yana jan ƙafa, laifin sabis ne, ko rauta 10 ka jera ba abin da zai canza. Idan kuwa kusa da ita yana gudu, sai ka yi nisa yake mutuwa, to wannan bayani naka ne.

Me ke kashe waifai a cikin gida? Ginin gidajenmu ne. Su masu ƙera rauta sun yi ta ne domin gidan da ɗakunansa ke ƙarƙashin rufi ɗaya. Mu kuwa gidanmu zaure ne, sai soro na biyu, sai shiyyar maigida, sai ta ƙanensa, sai ɗakunan mata can ciki. Kowace katanga da waifai ya ratsa sai ta rage masa ƙarfi. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye shi sosai, balle da damina idan ta jiƙa, don ruwa ma yana shanye shi. Ƙarfe kuwa mayar da shi yake yi baya. Ƙofar ƙarfe da kwanon rufi da dangar kwano duk abokan gabansa ne.

Fara da gyara wa ta farko mazauni

Kafin ka nemo tsohuwa, gwada wannan, don ba ya cin ko kwabo. Mutane da yawa sukan ajiye rauta a ƙasa, ko bayan talabijin, ko cikin kabad tare da kwanukan jere don kada yara su taɓa. Duk wuraren nan ba su dace ba. Ɗaga ta sama, ta wuce tsayin mutum. Nisanta ta da randa da firji da akwatin ƙarfe. Sa ta kusa da taga, inda wayarka ta fi samun sabis. Idan tana da ƙahoni, miƙar da su tsaye. Wani gidan wannan kaɗai ya ishe shi. Idan ka yi haka amma har yanzu cikin gida shiru, sai mu ci gaba.

Juya tsohuwar ka duba bayanta

Duk abin da kake bukatar sani yana rubuce a jikinta. A baya za ka ga wasu ramuka masu kusurwa huɗu, sun fi ramin cajar waya girma. A ƙarƙashin kowane rami akwai rubutu. Wasu an rubuta LAN. Ɗaya kuma, wanda sau da yawa launinsa daban ne, an rubuta WAN. Ka riƙe wannan: WAN ƙofar shiga ce, ta nan intanet ke shigowa. LAN ƙofar fita ce, ta nan ake raba shi. A ƙasan na'urar kuma akwai 'yar takarda da aka manna. Tana ɗauke da sunan waifai, da lambar sirri, da wata lamba mai ɗigo uku, misali 192.168.0.1. Kwafe su duka a littafi kafin takardar ta goge.

Ba kowace ce ke yin wannan aiki ba. 'Yar ƙaramar nan ta aljihu mai batir, wadda ake kira MiFi, galibi ba ta da ramin kebul ko ɗaya, don haka ba a jona ta. Akwai kuma waɗanda kamfanin waya ya sayar da tambarinsa a jiki. Irin waɗannan an kulle su, ba sa karɓar layin wani kamfani. Wannan kullin bai dame mu ba, tunda ba layi za mu sa mata ba. Sai dai wasu kamfanonin sukan ɓoye wasu saituka, shi ya sa irin su TP-Link da Tenda da D-Link, waɗanda ba na kamfanin waya ba ne, suka fi sauƙin sha'ani. Duba rautarka ta farko ma, ka tabbata tana da ramin LAN ko da guda ɗaya ne.

Abu na gaba shi ne a wanke mata kai. Tsohon mai ita ya sa mata suna da lambar sirrin da ba ka sani ba. Nemi wani ɗan mitsitsin rami da aka rubuta Reset kusa da shi. Kunna ta tukuna. Sa tsinke a ramin, ka danna, ka riƙe kamar daƙiƙa 10, har fitilun su ɗauke su dawo. Yanzu ta koma yadda ta fito daga kamfani, abin da ke rubuce a takardar nan shi ne zai yi aiki. Amma ka kula, tsohuwar kaɗai ake yi wa haka. Kada ka tsokani ta farko mai aiki.

Kebul ya fi komai

Hanyar da ta fi inganci ita ce a haɗa rauta biyun da kebul. Ba wayar lantarki ba ce. Kebul ne na musamman mai siraran wayoyi 8 a ciki, an murɗa su biyu-biyu. A jikinsa za ka ga an rubuta Cat5e ko Cat6. Kowanne ka samu ya yi. Yana kai saƙo har mita 100 ba tare da ya raunana ba, wato kusan tsawon filin ƙwallo. Da wuya gida ya wuce haka daga zaure zuwa ƙurya. Auna tazarar da igiya kafin ka tafi kasuwa, ka bi ta inda kebul ɗin zai bi, sa'an nan ka ƙara mita 3 ko 4. Ka ce da mai shago ya matse maka kawunan biyu, ya kuma gwada a gabanka. Akwai mai araha wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Yana saurin karyewa, kuma ba ya jure dogon zango. Idan da hali, nemi na jan ƙarfe zalla. A nan ne kaɗai za ka kashe kuɗi, kada ka yi tsumulmula.

Wajen shimfiɗa shi ma akwai lura. Rana tana busar da robarsa ta tsage. Ɓera yana ci, akuya tana tauna, yara kuma za su mayar da shi lilo, mata su shanya kaya a kai. Inda zai ratsa tsakar gida, zura shi cikin bututun roba irin na masu aikin lantarki, ka binne a ƙasa. Inda zai bi bango, kafe shi ƙarƙashin indararo ko inuwar rufi, kada ka lanƙwasa shi da ƙarfi a kusurwa. Kada kuma ka ɗaure shi tare da wayar wuta.

Ga gargaɗi game da damina. Kebul ɗin da ya tashi daga wannan gini zuwa wancan yana iya ɗauko ƙarfin tsawa ko da ba a gidan ta faɗa ba. Idan haka ta faru, rauta biyun duka na iya ƙonewa lokaci ɗaya. Da ka ga hadari ya haɗu, zare kebul ɗin daga jikinsu, ka zare cajarsu. Wanda aka rataya a sama ya fi wanda aka binne haɗari.

To, yaya ake jonawa? Fara da hanya mafi sauƙi. Soka kai ɗaya a ramin LAN na rauta ta farko. Soka ɗaya kan a ramin WAN na tsohuwar. Daga ƙofar fita zuwa ƙofar shiga ke nan. Kunna su, ka jira minti 2. Ɗauki wayarka, ka nemi sunan waifai na tsohuwar, ka sa lambar sirrin da ke takarda. Sau da yawa nan take intanet zai zo, ba sai ka taɓa saiti ba. Wasu rautocin rami ɗaya ne aka rubuta masa LAN da WAN tare. Wannan ramin za ka yi amfani da shi. Wata takan gane da kanta, wata kuma sai an shiga saiti an gaya mata ta ɗauki intanet daga kebul.

Idan bai zo ba, duba lambar nan mai ɗigo uku ta kowace rauta. Wannan lamba adireshi ce. Kashi huɗu take. Kashi uku na farko kamar sunan unguwa ne, na ƙarshe kuma lambar gida. A wannan hanya tilas ne unguwar kowace ta zama daban. Idan ta farko 192.168.8.1 ce, tsohuwar kuma 192.168.0.1, babu matsala. Idan kuwa duka biyun 192.168.0.1 ne, saƙo zai rasa inda zai nufa, kamar a ce mutum biyu suna da suna ɗaya, uba ɗaya, unguwa ɗaya. Sai ka canza kashi na uku na tsohuwar, ta koma 192.168.5.1.

Ga yadda ake shiga saitin. Zare kebul. Kashe datar wayarka. Haɗa wayar da waifai na tsohuwar. Za ta ce maka babu intanet, kada ka damu. Buɗe Chrome, ka rubuta lambar adireshin a can sama inda ake rubutu. Shafi zai buɗe ya nemi suna da lambar sirri. Suna nan a takardar, sau da yawa admin ne. Shafin da Turanci yake, amma ba karatu mai yawa ba ne. Kalmomi kaɗan kake nema, wanda ya iya haɗa baƙi zai gane su. Nemi inda aka rubuta LAN, a nan adireshin yake.

Idan babu ramin WAN

Wata tsohuwar ba ta da ramin WAN sam, LAN kaɗai gare ta. Ita ma tana yi, sai dai akwai ɗan aiki. A nan sai mun fahimci wani abu guda. Kowace rauta tana da mai rabon lamba a cikinta. Duk wayar da ta shigo, shi ne yake ba ta lambarta, ya kuma nuna mata ƙofar da za ta bi ta fita intanet. Sunansa a saiti DHCP. Ku tuna ranar rabon taki. Idan mutum ɗaya ne ke ba da lamba, layi yana tafiya. Idan mutum biyu suka tsaya kowa yana raba tasa, sai a sami masu lamba 7 har biyu, rigima ta tashi. Ban da haka ma, mai rabon da ke cikin tsohuwar zai riƙa nuna wa wayoyi ƙofar da ba ta fita ko'ina. Don haka idan za a haɗa LAN da LAN, dole a sallami mai rabon tsohuwar, a bar na ta farko shi kaɗai.

Shiga saitin kamar yadda muka faɗa. Fara dubawa ko akwai inda aka rubuta Access Point. Idan akwai, zaɓe shi, ita da kanta za ta yi sauran aikin. Idan babu, abu biyu za ka yi, kuma a jere. Na farko, canza adireshinta. A wannan karon akasin na ɗazu ne: unguwa ɗaya za su zauna, lambar gida ce za ta bambanta. Idan ta farko 192.168.8.1 ce, sai tsohuwar ta zama 192.168.8.2. Rautoci da yawa daga 100 suke fara raba wa wayoyi lamba, shi ya sa 2 ba ta cin karo da kowa. Idan taka daga 2 take farawa, gyara ta ta fara daga 10. Ajiye canjin. Na'urar za ta mutu ta taso. Sake shiga da sabon adireshin. Na biyu, nemi DHCP ka kashe shi, ka ajiye.

Daga nan wayarka za ta ƙi haɗuwa da ita. Kada hankalinka ya tashi, ba lalacewa ta yi ba, mai ba da lamba ne babu. Jona kebul daga LAN na ta farko zuwa LAN nata, komai zai daidaita. Idan ka rikice a tsakiya, tsinke yana nan. Danna Reset ka faro daga farko. Ba a ɓata rauta da kuskuren saiti irin wannan.

Sai batun suna. Kana iya ba su suna ɗaya da lambar sirri ɗaya, wayar ta riƙa komawa wadda ta fi kusa da kanta. Amma wasu wayoyin suna da naci, sukan manne wa ta zaure ko da an shiga ƙurya. A ganina gara a ba su suna daban, misali Zaure da Cikin Gida. Ko tsohuwa ta ga sunan ta san wanda za ta taɓa, idan kuma ɗaya ta sami matsala nan da nan za a gane wacce ce. Idan ka ga inda aka rubuta Channel, sa wa ɗaya 1, ɗayar 6 ko 11, don kada muryoyinsu su riƙa hawa kan juna. Wata rautar kuma tana fitar da suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshe. Wannan ba 5G na kamfanin waya ba ne. Ya fi gudu, amma ba ya ratsa katanga kamar ɗayan mai 2.4. A gidan ƙasa mai 2.4 ne abokin tafiya.

Idan ba halin jan kebul

Akwai hanyar da ba ta bukatar kebul. A saitin wasu rautoci za ka ga Repeater, ko Range Extender, ko WISP. Idan ka zaɓa, za ta nuna maka sunayen waifai da take ji. Zaɓi na gidanka, ka sa lambar sirrinsa. Daga nan aikin sanƙira za ta riƙa yi. Ta ji abin da ta farko ta faɗa, ta maimaita da ƙarfi don na nesa su ji.

Sanƙira kuwa ba ya tsayawa a bayan taro. Yana tsayawa ne inda shi kansa yake jin maganar sarai. Kuskuren da aka fi yi ke nan. Sai mutum ya ɗauki rautar ya kai ta ɗakin da waifai ba ya zuwa, yana jiran abin mamaki. Abin da ba ta ji ba, ba za ta maimaita ba. Ɗauki wayarka ka taka daga zaure zuwa ciki, kana kallon 'yar alamar waifai. Inda ta ragu da layi ɗaya, ba ta kai ga mutuwa ba, nan ne mazauninta. Idan taga tana kallon taga, ya fi.

Wannan hanya tana da tsada ta wata fuska. Tunda baki ɗaya take ji da faɗa, gudun yakan ragu da kamar rabi. Don saƙon WhatsApp da sauraron murya ya isa. Idan mutum 5 za su yi kallo lokaci ɗaya, za a yi ta tsaiko. Ni dai shawarata, a yi wannan kafin a tara kuɗin kebul.

Batun wuta

Rauta ba ta da ci. Mafi yawansu ba sa wuce wat 10, wato ko rabin tsohon ƙwan fitila mai wat 40 ba su kai ba. Amma tana son wutar da ta dace da ita. Duba takardar jikinta. Za ka ga 12V, ko 9V, ko 5V. Duba cajar ma, lambar ta zama iri ɗaya. Tsofaffin rautoci sukan zo ba caja, sai mutum ya ɗauko duk wadda bakinta ya shiga. Idan ka sa mai 12V a na'ura mai 5V, ta ƙone ke nan. Idan cajar ta yi mata rauni, za ta riƙa mutuwa tana tasowa, ka yi zaton kebul ne.

Masu sola su kiyaye. Kada a jona rauta kai tsaye da farantin sola, don da tsakar rana yana fitar da wutar da ta kai 18V ko fiye. A bi ta batir da na'urar daidaita caji. Akwai kuma wani ɗan batir da ake sayarwa musamman don rauta, yana riƙe ta awoyi idan an ɗauke wuta. A tuna, idan ta farko ta mutu, ta biyu ba ta da abin rabawa ko da fitilunta suna ci. Idan batir ɗaya gare ka, ta farko za ka fara ba. Kada a rufe ta da tsumma don ƙura, zafi zai kashe ta. A riƙa kaɗe ta dai lokacin hunturu.

Wasu sukan tambaya ko kwana kusa da ita yana cutarwa. Tun a 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a sami gamsasshiyar hujjar cewa raunanan igiyoyin iska irin waɗannan suna cutar da lafiya ba.

Data za ta fi saurin ƙarewa

Wannan sai maigida ya shirya masa tun kafin a jona. Da waifai ya isa cikin gida, masu sha sun ƙaru, randa kuwa ɗaya ce. Saƙon rubutu ba ya cin komai. Bidiyo shi ne kura. Kallon awa 1 yana iya cinye daga megabait 300 har zuwa gigabait 1, gwargwadon kyan hoton. Akwai kuma ɓarnar da ba a gani. Wayoyin zamani suna ɗaukar waifai a matsayin kyauta. Da sun haɗu da shi sai su fara sabunta manhajojinsu, suna tura hotuna ajiya, mai wayar yana barci. A wayoyin Android, shiga saitin waifai ɗin, ka nemi kalmar Metered ka zaɓa. Ka gaya wa wayar ke nan cewa wannan ruwan na saye ne. A WhatsApp ma a hana bidiyo sauka da kansa. A yi wa kowace waya ta gidan haka, har da ta yara.

Lambar sirri kuma kada ta gaza harafi 8. Kada ta zama 12345678, ko lambar wayarka, ko sunan ɗanka. Haɗa haruffa da lambobi. A wajen tsaro zaɓi WPA2. Idan tsohuwar ba ta da komai sai WEP, ta tsufa da yawa, buɗe wannan kullin ba wuya, nemi wata. Canza admin ɗin nan ma na shiga saiti, don kowane yaro mai wayo ya san shi. Ka kuma sani, waya tana iya nuna lambar sirri a matsayin wani zane mai ɗigo-ɗigo, aboki ya ɗauka da kyamara ya shiga. Ta haka lamba ke fita daga gida ta zagaye unguwa. Idan ka ga samari sun mayar da gindin katangarka majalisa da dare, shiga saiti ka ƙirga wayoyin da ke haɗe. Idan sun fi na gidanka, canza lambar.

Ba kuɗi kaɗai ne abin ji ba. Tun daga watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa, wato NIN. Layin da ke cikin rautar sunan mutum ɗaya yake ɗauke da shi. Idan wani ya yi damfara ta waifai ɗinka, sawun da za a fara bi naka ne.

Wannan bai hana a ja wa ɗan'uwa ko maƙwabcin da aka yarda da shi ba. Gida biyu ko uku suna iya haɗa kuɗi su sayi data mai yawa, wadda ta fi ƙanana araha idan aka lissafa. Sai dai a zauna a yi magana tun farko: nawa kowa zai kawo, ran nawa ga wata, wa zai riƙe lambar sirri, kuma yaya za a yi idan data ta ƙare kafin wata ya cika. A rubuta a littafin nan da aka kwafe lambobin rauta, a ajiye shi wurin maigida.